Tela a ajin zanen filasta: abin da nake rubutawa tun da na fara

10 Satumba

Yau dai na fara ajin daren nan da na daɗe ina ɗage shi. Talata-Talata ne, shida da rabi zuwa tara da rabi na dare, a wani ɗaki saman tsohon shago nan kudancin Landan, fam 240 na zangon gaba ɗaya, sai da na runtse ido na biya. Dalilina ɗaya ne. Ni tela ce, in aka kawo min hoto daga Instagram zan ɗinka shi tsaf har ya fi na hoton, amma in amarya ta zauna gabana tace Anti zana min yadda zai fito in gani, sai in zana wata sanda sanye da riga, ta yi shiru nima in yi shiru. So nake hannuna ya iya fitar da jikin mutum da yadda yadi yake sauka a kansa.

Ɗakin an shafe shi da fenti mai duhu, tagogi duk a rufe, ko'ina kwafin filasta ne, wato farar ƙasa da aka zuba ta daskare, na sassaƙen Girkawa da Rumawa, kai a nan, ƙirji a can, hannaye rataye jikin bango, kowanne da fitilarsa ɗaya tak daga sama ta gefe. Malamar ta ajiye min ƙafa, ƙafa guda daga idon sawu zuwa ƙasa. Tace filasta fari ne ba launin da zai ruɗe ki, baya ƙyalli, baya gajiya balle ya motsa, to duk abin da ya karkace a takarda daga idonki yake. Haka makarantun zane na Turai suka daɗe suna yi, Royal Academy ta nan garin da aka kafa a 1768 ma sai ɗalibi ya goge a ajin filasta kafin a bar shi ya zana mutum mai rai.

Ga yadda ake yi. Takarda a kan allo a tsaye daura da filastan, sai ki ja baya kaman taku huɗu ki manna salatif a ƙasa inda yatsunki suka tsaya, daga nan kaɗai aka yarda ki duba. Ki rufe ido ɗaya, ki miƙe hannu biyu riƙe da zare a kwance, ki saita shi da saman ƙafar ya ratsa har kan takardar, ki riƙe wajen a ido, ki taka ki ɗiga gawayi, ki dawo ki duba ko ya yi. Awa uku ina zirga-zirga, abin da na tashi da shi ɗigo-ɗigo ne da wasu miƙaƙƙun layuka.

14 Satumba

Siyayya: gawayin zane sirara kwali ɗaya fam 5, takarda mai ɗan kaushi fam 3 kowacce na ɗauki huɗu, kilina mai laushin nan da ake murzawa da yatsa fam 2, samfefa na fiƙe gawayi. Zare da reza da madubi kam gidan tela ba a rasa su ba.

17 Satumba

Har yanzu layin waje. An hana ni lanƙwasa layi ko ɗaya, komai sai miƙaƙƙe, dunduniya ma da gajerun layuka masu kusurwa ake kewaye ta. Da farko na ga kaman ɓata lokaci ne, daga baya na gane layi miƙaƙƙe ana iya cewa ya karkata da yawa ko bai kai ba, lanƙwasasshe kuwa kowa gani yake nasa daidai ne.

Abu biyu na gani yau da shekara da shekaru ina auna tsawon siket har idon sawu ban taɓa lura ba. Ƙashin idon sawu na ciki ya fi na waje hawa sama, ba a layi ɗaya suke ba. Sannan yatsan da ke bin babban yatsa ya fi shi tsawo a wannan ƙafar, malamar tace haka sassaƙen Girkawa da yawa suke. Na dawo gida na tara yara na ce kowa ya cire safa.

24 Satumba

An fara inuwa. Ana zana iyakar da haske ya ƙare a jikin filastan, a cike ɓangaren duhun da baƙi iri ɗaya sumul, ba a neman yatsu ko jijiya a ciki. Sai an ƙanƙance ido har gashin ido ya kusa haɗuwa sannan ake ganin siffar inuwar sosai. Kwatsam ƙafar ta taso daga takarda, wallahi sai da na ji wani iri.

28 Satumba

Filastan da na yi oda dan aikin gida ya iso, ƙafa ce shima, fam 48 har da kuɗin kawowa, na buɗe kwali na samu ƙaramin yatsa a guntule yana yawo cikin leda. Na tura musu hoto suka ce in mayar za su canza amma kuɗin mayarwa nawa ne, na lissafa nauyin abun na ce a'a. Na goge garin da burushi busasshe, na shafa farin gam na kafinta siriri a ɓangare biyun, na riƙe da hannu har ya kama sannan na tallafe shi da tarin ƙyallaye ya kwana. Ya zauna, sai ɗan layi da ake gani in fitila ta haska ta wannan gefen. Abin jingina allo na hannu na samu fam 25 wajen wani dattijo da ya daina zane.

1 Oktoba

Tsakanin haske da duhu, wato inda aikin yake. Malamar ta tsaya a kan salatif ɗina ta duba tace hasken da ke dawowa daga tebur ya bugi ƙasan dunduniya na yi shi da haske da yawa, ido ne yake zuga mutum saboda duhu ya kewaye wajen, amma komai haskensa bai kai ɓangaren da fitila take bugawa kai tsaye ba. Ta sa na juya baya na duba zanen da filastan ta madubi. Kai, madubi ba shi da kara. Tafin ƙafar da nake gani daidai ashe ya yi tsawo, duk ya zame gaba.

6 Oktoba

Muna bidiyo da Umma na juya waya ta hango ƙafar a kan durowa. Tace ke meye wancan, gunki kika ajiye a ɗaki? Nace Umma ƙafa ce kawai ta farar ƙasa, ta koyon zane ce saboda ɗinki. Tace to ki dai bi a hankali, ki tambayi masu sani, kar neman sana'a ya kai ki inda ba a so. Maganar bata wuce ni ba dan dama tana raina. Mun zauna da Abban yara, abin da muka tsaya a kai shine ƙafa da hannu su zauna, abu mai kai da fuska ba zai shigo gidan nan ba, a aji ma in aikin ya zo da kai zan sa ƙwai ne kawai na awo ba ido ba baki. Dama zanen telan ba fuska yake nema ba.

11 Oktoba

Juma'a gidan tarihin Victoria and Albert da ke nan Landan suna kaiwa goma na dare, shiga kyauta, na bar yara da babansu na tafi da fensir da ƙaramin littafi. Manyan zaure biyu ne tun 1873 cike da kwafin filasta. Kwafin ginshiƙin Trajan, sarkin Roma, yana nan an raba shi gida biyu saboda rufin bai isa ya ɗauke shi a tsaye ba, a ɗaya zauren kuma kwafin mutum-mutumin Dauda na Michelangelo, mai sassaƙa ɗan Italiya, sama da mita biyar, kyauta ce da mai mulkin Tuskani ya aiko wa Sarauniya Victoria a 1857. A bayan dandamalinsa akwai wani ƙaton ganye na filasta cikin gilashi, ana cewa tsiraicin ne ya girgiza sarauniyar aka yi ganyen ana rataya masa in 'yan gidan sarauta za su zo.

Hannunsa na dama na zana, wanda ya sauka kan cinya da jijiyoyin nan a tashe. A nan ba salatif ba fitila ɗaya, haske ta ko'ina yake zuwa, mutane suna wucewa suna leƙa littafin, ga wuya ya ƙage da kallon sama. Zanen bai yi ba sam, amma na gane amfanin ɗakin duhun can.

15 Oktoba

An ɗaga ni zuwa jiki cikakke, ƙaramin kwafi na mutum-mutumin da ake kira Mai Mashi, na Polikleitos mai sassaƙa ɗan Girka. Asalinsa na tagulla ne na wajen shekara ta 440 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ɓata tuntuni, abin da ya rage kwafin marmara ne da Rumawa suka yi, mafi shahara shine wanda aka tono a Pompeii yana Naples yanzu. Wato ni ina kwafar kwafin kwafi ne. Na zo da guntun atamfa na tambayi malamar ko zan iya ɗaura masa, ta yi dariya tace in dai ba zai rufe ƙashin ƙugu ba, na ɗaura ƙasa-ƙasa na kama da fil. In Sarauniyar Ingila ta sa an rufe ni wace ce.

Nan ne na ga abin da na biya kuɗi dominsa. Duk nauyinsa a kan ƙafar dama yake, ta hagu ta saki tana baya dunduniya a ɗage. Saboda haka ƙugun dama ya hau sama, kafaɗar dama ta sauko, gefen dama na cikin ya tattare na hagu ya miƙe, gwiwar hagu ta faɗo ƙasa da ta dama. In kika saki zare mai nauyi daga ramin wuya zai sauka ne kusa da ƙafar da ke ɗauke da shi, ba tsakanin ƙafafu ba. Mu teloli kullum cewa muke tsaya sosai in auna ki, mace ta ƙame, mu ɗinka wa wannan ƙamewar riga, alhali ba wadda take tsayuwa haka a wajen biki, kowa a kan ƙafa ɗaya take jingina, shi yasa doguwar riga take tattarewa a gefe guda ta ja a ɗaya.

Awon ma daban ne. Tef ɗina zagaye yake aunawa, ƙirji 38 ƙugu 42, nan kuwa ba ruwan kowa da zagaye, faɗin da ido ya gani daga inda kike tsaye kawai, kuma ma'aunin shine kai. Wannan tsawonsa wajen kai bakwai ne, ƙirarsa a cike, Lisippos, mai sassaƙar da ya zo bayan Polikleitos, ya ƙanƙanta kai ya kai jiki wajen takwas. Masu zanen kayan ƙawa har tara suke ja.

22 Oktoba

Layin waje na Mai Mashi. Hannuna ya ƙi yarda ƙugun ya karkata yadda yake, kullum sai ya daidaita shi. Zare ya gyara.

27 Oktoba

An mayar da agogon ƙasar nan baya awa ɗaya saboda shigowar lokacin sanyi, biyar bata yi ba gari ya yi duhu, wanda ga aikin gida alheri ne dan hasken taga ya daina shigowa yana canza min inuwa. Sai dai autana ya ɗauki fitilar ya duba motarsa da ta shige ƙarƙashin gado ya mayar da ita inda ya ga dama, inuwar da na kwana biyu ina bi duk ta tashi daga wajenta. Na yi ta matsar da fitilar har inuwar babban yatsa ta koma inda take a zanen, yanzu na zagaye gindinta da na filastan da allin ɗinki a kan durowar.

29 Oktoba

Inuwar ƙirji da ciki. Takardar ta fara mutuwa a wajen haƙarƙari saboda yawan gogewa, ta yi sulɓi gawayi baya kamawa. Malamar tace in daina dannawa, in fiƙe gawayin ya yi tsini sosai in riƙa cike ƙananan ramukan takardar ɗaya-ɗaya.

2 Nuwamba

Ranar nan sai addu'a. Ɗakin ɗinkina shine ɗakin zanen, jiya da dare na fiƙe gawayi a kan samfefa kusa da tebur, da safe na ɗauko farin leshin wata da za ta tafi biki Kaduna a Disamba, yadi biyar, yana ninke a buɗe a gefen keke, sai ga toka-toka ta kwanta a kan ninkin sama. Garin gawayin nan baya ganuwa a iska amma yana sauka ko'ina. Na sa ƙyalle mai ɗan damshi na shafa, nan take ya koma baƙin shafe ya shige cikin zaren adon, gabana ya faɗi.

Wanda duk irin wannan ya same shi kar ya kai ruwa kusa tukuna. Sauran wajen da ban taɓa ba na fita da shi waje na kakkaɓe, na bi shi da salatif ina mannawa ina ɗagawa, ya fita fes. Wajen da ya jiƙe ne ya ba ni wuya, na jiƙa shi a ruwan sanyi da sabulun wanke-wanke na ruwa ina matsawa da yatsa ba cuɗawa, ya ragu sosai amma in an ɗaga a haske ana ganin dishi-dishi kaman faɗin tafin hannu. Allah ya taimake ni kusa da bakin yadin ne, na juya yankan yadda wajen zai faɗa cikin abin da za a zubar, hannun rigar ya ɗan rage faɗi. Na kira ta na faɗa mata komai, tace Anti ba komai tunda ba zai fito ba, duk da haka na cire mata fam 30 a kuɗin ɗinki. Na siyo manyan robobi masu murfi guda biyu fam 16, duk yadin mutane ya koma ciki, fiƙe gawayi kuma a baranda cikin kwali ko ana sanyin me.

5 Nuwamba

Ban je aji ba, ɗinkin Disamba ya taso.

9 Nuwamba

Mun je British Museum da Abban yara, zauren sassaƙen Parthenon, tsohon haikalin Girkawa da ke Atina. Waɗannan ba filasta bane, marmaran ne na ainihi da Lord Elgin ya kwaso daga Atina tun daga 1801, majalisar Ingila ta saye su a 1816, Girka har yau tana neman a mayar mata. A ƙasa kuma ga tagullan Benin da aka kwashe a 1897, to mu da Girkawa kukanmu ɗaya a gidan nan.

Mata ukun nan marasa kai na je gani, biyu a zaune ɗaya ta kishingiɗa a cinyar 'yar uwarta. Na daɗe a gabansu ban ma buɗe littafi ba. Kayan jikinsu ba yanka ba ne, faffaɗan yadi ne aka kama a kafaɗa da hannu aka ɗaure a ƙugu, na sama kuma lulluɓi, ya fi kusa da zani da mayafinmu a kan kwat ɗin mutanen garin nan. Kuma ninkin ba barkatai yake ba, kowanne yana da inda ya taso, kafaɗa ko gwiwa ko ɗaurin ƙugu, inda jiki ya turo yadin ya lafe sumul, inda jiki ya janye ninki ya taru ya yi zurfi. Na kishingiɗen rigar ta zame mata daga kafaɗa ɗaya, dutse ne amma sai ki ji kaman ki gyara mata.

A hanyar dawowa Abban yara da ya yi karatu a Zariya yake tsokanata wai mutanen su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo tun 1958 suka kafa ƙungiyar masu zane a can dan kar a mayar da su 'yan kwafin Turawa, ni kuma ga ni na biya kuɗi ina kwafa. Nace ai su ma ba cewa suka yi a zubar da iya aiki ba, cewa suka yi a haɗa da na gida, ni kuma abin da zan ɗora wa jikin nan leshi ne da atamfa da laffaya. Inda na yarda da shi shine jikin Girkawan nan an gyara shi ya wuce na mutane, layin ƙugun Mai Mashi ba namijin da ke yawo da irinsa, kuma cikin masu kawo min ɗinki ba mai ƙirar Venus, allahiyar kyau ta Rumawa.

12 Nuwamba

Na rufe Mai Mashi haka nan, ƙafafun basu gama ba amma takardar ta gaji. Na fesa masa maganin kama gawayi, fam 9 gwangwanin, ya ɗan ƙara duhu a tsaka-tsakin inuwar, a riƙa fesawa daga nesa sama-sama.

Na roƙi malamar aikin ƙarshe ya zama mai tufafi, ta ciro min allon Nike, allahiyar nasara ta Girkawa, tana gyara takalmi, daga bango. Asalin yana gidan tarihin Akropolis a Atina, daga katangar ƙaramin haikalin Athena Nike, wajen 410 kafin haihuwar Annabi Isa, kan ma ya riga ya karye tun can. Ta duƙa ta ɗaga ƙafar dama tana miƙa hannu ga takalmin, yadin ya zubo tsakanin cinyoyinta lanƙwasa bayan lanƙwasa. Malamar ta nuna min kwafin Venus ta Milo da ke lungu tace ita ma asalinta dutse biyu ne aka haɗa a ƙugu, mahaɗin ya ɓuya a naɗin zanen, nace wannan mai sassaƙar tela ne, mu ma a tattara muke ɓoye ɗinki.

19 Nuwamba

An hana ni taɓa ninki ko ɗaya. Sai na fara fitar da jikin da ke ƙarƙashi, layin baya da ya lanƙwaso, cinyar da ta ɗagu, gwiwa, inda ƙafar hagu ta dafe ƙasa, kaman ba yadi a kai. Da wuya, dan ido ninkin yake bi.

26 Nuwamba

Jikin ya zauna, na fara manyan ninki guda-guda daga gwiwar da ta ɗagu zuwa ɗaya cinyar. Kowane ninki ashe ƙaramin jiki ne da haskensa da iyakar inuwarsa da hasken da ke dawo masa daga na kusa, in aka yi su duka da baƙi iri ɗaya sai abun ya koma zanen tabarma, zurfafan da ke tsakanin ƙafafu ne kaɗai suke ɗaukan baƙi sosai, na kan ciki da cinya da ƙyar ake ganinsu. Nawa na kan cikin sun yi nauyi, sati mai zuwa da kilina zan fara.

Zangon zai ƙare tsakiyar Disamba kuma Nike ba za ta gama ba, malamar tace za ta ajiye min allon da alamar salatif ɗina in na yi rajistar Janairu, fam 240 kuma, sai kuɗin ɗinkin bikin nan sun shigo. Kafin nan a gida zan mayar da ƙafar kwali, in ɗauko mutum-mutumin gwajin rigata in karkata masa ƙugu da tsumma a gefe ɗaya, in yafa masa farin yadi mara ado ƙarƙashin fitilar, in ya yi sai in gwada laffaya. Akwai buƙatar gawayi mai tauri na siraran ninki da takarda babba guda biyu, Asabar in na fita kai ɗinki zan biya in siya.